Faifan da Goggo Ke Rufe Goro da Shi

A gidanmu na unguwar Wambai a Suleja faifai iri biyu ne. Akwai na saƙa, wanda ake rufe ƙwarya da shi, a sheƙe tsaba, a fifita wuta. Akwai kuma guda ɗaya baƙi, ɗan ƙarami, mai rami a tsakiya, wanda Goggo ke rufe kwanon goronta da shi. Ramin ta toshe shi da tsumma saboda kiyashi. Takardar da aka manna masa a tsakiya ta daɗe da gogewa, sai wani ja-ja da ya rage, rabi fenti rabi yawun goro. Na tashi ina ganinsa kullum a gefen tabarmarta, kuma sai da na shekara tara na san ba don rufe goro aka yi shi ba.

Goggo yayar babana ce. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata, ina 'yar shekara huɗu. Ba zan ce ta bar ni da yunwa ba, don ba na son yin ƙarya ko a kan wanda na tsana. Tuwo na ci, makaranta na je, sallah ba ta taɓa wucewa ban sa sabon zane ba. Amma ban taɓa yin dariya da ƙarfi a gidan nan ba ta ƙyale ni. In na yi, jinin roƙo ne ke motsi. In na taka da sauri, jinin roƙo. Ranar da nake magana a kai, wanke-wanke nake yi ina ɗan rera wata waƙar makaranta a ciki-ciki, sai ta kira ni. Na zo hannuna da kumfa. Ta ɗaga baƙin faifan da yatsu biyu, kamar ta tsinto shi a kwata.

“Kin san wannan?”

Na ce murfin goro ne.

“Uwarki ce a ciki. 'Yar amshin zabiya. Lokacin da 'yan mata ke koyon tuƙa tuwo, ita tana bin masu kiɗan ƙwarya gida-gida. Har Kaduna aka kwashe su a mota aka ɗauki muryarsu, don duniya ta ji abin kunya da kyau. To ga ta nan, na rufe goro da ita.”

Ta mayar da shi kan kwanon, ta ce in je in ƙarasa wanke-wanke, kuma in ta sake jin bakina sai ta fasa shi.

Na tambayi babana da ya dawo daga cin kasuwar Gawu, buhunan dawa na bayan mota ba a ma sauke ba. Ya dube ni, ya dubi ƙofar ɗakin yayarsa, ya ce in bar wannan magana. Haka yake. Mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa, amma a gaban Goggo bai taɓa zama komai ba sai ƙane. Har ya rasu ban ƙara jin kalma ɗaya daga bakinsa a kan faifan ba.

Abin da nake da shi na mahaifiyata hoto ɗaya ne, tana tsaye kusa da tukunyar fulawar roba, ta rufe baki gam. Muryarta kuwa ban riƙe ko ɗigo ba. Na sha rufe ido in matsa wa kaina, ba abin da ke zuwa. Ga shi kuma kullum ina share ɗakin da muryar take, ina ɗaga ta in goge ƙarƙashinta in mayar.

Da aurena ya zo na haɗiye girman kai, na durƙusa har ƙasa a gabanta. Na ce ba na son komai a kayan ɗaki kamar faifan nan.

“Faifai kike so?” in ji ta. “Za ki samu.”

Na yi kuka don murna, na yi mata godiya har sau uku. Ranar jere aka kwance kaya a ɗakina, sai ga faya-fayan saƙa guda goma sha biyu, masu ja da kore da ruwan ɗorawa, sababbi fil. Mata suka yi ta ɗagawa suna yaba hannun mai saƙar, suna cewa Goggo ta fitar da 'yarta kunya. Ni kaɗai na san abin da aka yi min. Har yau suna nan a saman kabad, ban taɓa rufe ko ruwan sha da ɗaya ba.

Bayan haka na ƙara roƙonta sau da yawa, da lallami, da aike, da turamen atamfa. Atamfar tana karɓa. Shekaru suka ja, na haifi 'ya'yana, na sami aiki a Abuja, na shiga sahun masu fita Suleja da asuba su dawo da magariba a gajiye. Na wuce arba'in da biyar, ita ta haura saba'in, haƙoranta sun zube sai da turmin ƙarfe take daka goron, amma bakin nan bai rage komai ba.

Shekara biyu da suka wuce aka yi suna a gidan, ɗakinta cike da mata. Ban ma tayar da maganar ba, idona kawai ta kama a kan kwanon.

“Har yanzu?” ta ce da ƙarfi, don kowa ya ji. “To in na ba ki da me za ki ji shi, da tukunyar gas ɗinki? Garmaho ya mutu tun ba ki yi haƙori ba. Ranar da kika shigo ɗakin nan da garmaho mai magana, ki ɗauki uwarki ki tafi.”

Ɗaki ya ɗauki dariya. Na bari suka gama, sannan na ce, “Kun dai ji da kunnenku. Ku ne shaidu.”

Ba son kiɗa ne ya sa na sayi garmaho ba, kuma ba zan yi wa kaina ado in ce kewar uwa kaɗai ce ba. Kewar tana nan, amma abin da ya tashe ni tsaye so nake in ga fuskar tsohuwar nan ranar da za ta cika alkawarin da ta yi don ta tabbata ba za a iya ba.

Na fara da kasuwar Suleja, layin masu kayan lantarki. Mai shagon farko ya ɗauka wani sabon janareta ne ya fito. Na biyu ya ce, “Hajiya, faɗi waƙar kawai in tura miki a waya, ba sai kin wahala ba.” Na uku, wani ɗan kudu mai tumbi, shi ya gane abin da nake nufi, ya yi dariya har yana dukan kanta. “Madam, wannan kaya don die, ya mutu. Sai gidan tarihi.” Na ja tsaki na fito. Na ji haushinsa ƙwarai, don bakinsu ya zo ɗaya da Goggo.

A ofis ne wata abokiyar aikina ta ga ina ta huci, ta tambaya, na ba ta labari a taƙaice. Ta ɗauko waya ta nuna min. Ashe abin bai mutu ba, Turawa sun koma masa, ana ƙera sababbi. Na farkon da ta nuna min kuɗinsa ya isa sayen fili a bayan gari. Na ce ta gangara ƙasa. Ta gangara. Na ce ta ƙara gangarawa. Sai da muka kai inda babu sauran ƙasa, na ce wannan. Wata mata ce a Legas ke sayarwa, ta ce za ta sa a mota. Ta ce kwana uku, ya yi goma, kuma duk kiran da na yi mata sai ta ce min “my dear”, ni da na kusa haifarta.

Na karɓo shi a tasha, kwalin duk ya sha manja a gefe ɗaya. Na buɗe shi a gida. Ɗan akwati ne mai maratayi, an lulluɓe shi da fatar ƙarya, kazar kirki ta fi shi nauyi. A ciki akwai faranti mai juyawa, da wani siririn hannu kamar tsinken tsire, allura a bakinsa. Sifikokinsa biyu ba su wuce murfin gwangwanin madara ba. Akwai ɗan makunni mai lamba uku, talatin da uku, arba'in da biyar, saba'in da takwas, da wani zoben roba da na ɗauka cikon kwali ne, saura kaɗan in jefa shi a shara. Takardar bayanin kuwa da ƙananan haruffa aka buga ta, don kada kowa ya karanta.

Maigidana ya zagaya shi sau ɗaya, hannu a baya. “Wannan ne zai kayar da Goggo?”

Na ce ya je ya ci abincinsa.

Sai a lokacin na tuna ba ni da faifan gwaji. Na sayi garmaho, kuma faifai ɗaya tak da na sani a duniya yana kan kwanon goron maƙiyiyata. Ba zan kai mata abin da ban ji ya yi magana ba. Na tuna da maƙwabcinmu a unguwar Hashimi, tsohon malamin makaranta ɗan Filato, wanda unguwa ke kira Baba Tica. Na taɓa jin yana cewa yana da faya-fayan mawaƙan coci a ƙarƙashin gado, nasa injin ya mutu shekara da shekaru.

Ya sa tabarau ya duba akwatin gaba da baya. “'Yata, wannan ai abin wasan yara ne,” ya ce. “Amma bari mu gani.”

Ya ɗora wani babban faifai, farantin ya juya, ya sauke hannun. Ba abin da ya fito sai ƙarar gogar roba. Na fara tsine wa matar Legas, uwa da uba. Baba Tica ya sunkuya, ya sa farce ya zare wata 'yar hula fara da ke rufe da allurar, ya miƙo min. Da ya sake saukewa sai ga mutane wajen talatin suna waƙa daga cikin murfin gwangwanin madara. Muryar a shaƙe take, kamar ana waƙa cikin bokiti, amma murya ce. Tsohon ya zauna a bakin gado ya cire tabarau, bai ƙara kula ni ba sai da fuskar faifan ta ƙare.

Shi ya koya min sauran. A wanke faifai da ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗigon sabulu, a bi layin da yatsa a hankali, a shanya a inuwa. A riƙe shi ta gefe. Zoben robar nan na faifai mai babban rami ne. In allura tana tsalle, a ɗora mata ɗan nauyi a ka. Ya buɗe wani gwangwani ya ba ni tsohuwar kwandala, irin wadda aka daina karɓa. Ya ƙara wata magana a kan kwandalar, na ga bakinsa yana motsi, amma hankalina ya riga ya isa Wambai.

Ranar Asabar da hantsi na je. Na cika fawa bank da caji, don ba zan bar masu wuta su shiga tsakanina da ita ba. Na aika aka kira matan gidan, musamman waɗanda suka fi kowa dariya ranar suna. Na ajiye akwatin a tsakiyar tabarmarta na buɗe.

Ta dube shi, ta dube ni. “Wanzanci kika koma?”

“Garmaho ne, Goggo. Na zo ɗaukar uwata.”

Na ga maƙogwaronta ya motsa. Wannan kaɗai ya biya ni wahalar tasha. Ta ture kwanon da ƙafa zuwa gabana. Na ɗauki faifan, karo na farko a rayuwata ba don in goge ƙarƙashinsa ba. Na zare tsumman ramin. Na wanke shi a tsakar gida yadda aka koya min, ruwan ya fito ja kamar an yanka kaza, sai da na sake ruwa sau huɗu. Da ya bushe na ga gefe ɗaya ya ɗan lanƙwashe, inda rana ke dukansa ta taga shekara da shekaru.

Na sa zoben, na ɗora, na sauke allura.

Abin da ya fito ba muryar mace ba ce. Wani gurnani ne mai kauri, a jaye, kamar sa yana nishi a mayanka. Kiɗan ma kamar ana daka a turmin da ya jiƙe. Matan bakin ƙofa suka dubi juna. Goggo ta sheƙe da dariya har dasashinta duka a waje.

“Ashe uwar taki gardi ce! Shekara arba'in ina rufe goro da ƙato ban sani ba!”

Suka bi ta da dariya, har da mai riƙe ciki. Gumi ya karyo min. Na taɓa wayar wuta, na taɓa sifika, na ɗaga hannun na mayar, gurnanin bai fasa ba. A raina na gama yanka matar Legas, na gama da Baba Tica, na dawo kan kaina. Goggo ta goge hawayen dariya da gefen mayafi.

“Ke dai sakarya ce,” ta ce. “Ƙaramin faifai a kan arba'in da biyar ake sa shi.”

Na tura makunnin. Ban tsaya tunanin yadda aka yi matar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san wannan ba. Da na yi tunanin a lokacin, da na rage wa kaina abin da ya biyo baya.

Ƙwarya ta amsa, tas-tas. Zabiya ta ɗauko waƙa da wata murya mai faɗi. Sannan 'yan amshi suka karɓa, su biyu ne. Ɗaya muryarta a sama take, siririya, wasai, tana karya ƙarshen kalma ta wata hanya da ta sa tsigar jikina ta tashi. Ɗayar tana ƙasa, da ɗan dishi-dishi, tana biyo baya kamar wadda aka jawo. Amshin kalma huɗu ne kacal, kuma ba zan rubuta su a nan ba. Da allura ta iso lanƙwasar sai ta yi tsalle, ta koma baya, ta sake tsalle. Na ciro kwandalar na manna mata a ka da salatif, ta nutsu ta bi layi. Waƙar ba ta fi minti uku ba. Da ta ƙare ba mai dariya a ɗakin.

Na juya don in ga fuskar da na sayi garmaho saboda ita. Ta ba ni ƙeya, tana fuskantar bango.

“Kwashi tsiyarki ki fita min daga ɗaki.”

Na kwasa. Ina rufe akwati na ga ta jawo faifan saƙa ta kifa a kan goron.

Wata biyu na yi ina ji. In na dawo daga aiki, kafin in cire takalmi, sai na sa. Ranar hutu in sa sau goma. Ɗaya fuskar faifan, wadda ke kallon goron, ta lalace gaba ɗaya, ba abin da ke fita sai shuu, don haka waƙa ɗayar nan ce dai. Ban taɓa tambayar kaina wace ce uwata a cikin biyun ba. Me zan tambaya? Ta sama ce mana. Ita ce mai kyau, ita ce mai rai, ita ce wadda za a yi wa hassada har bayan mutuwa. Na koyi yadda take karya ƙarshen kalmar, na gwada a kicin, ya fito daidai a karon farko. Na zauna a kan buhun shinkafa na yi kuka, na ce ashe abin da ta bar min ke nan. Ta ƙasan kuwa haushi take ba ni. Na sha cewa da za a iya cire ta da na cire, tana ɓata wa uwata waƙa.

Wata Lahadi Baba Tica ya dawo daga coci ya jiyo ta katanga, ya yi sallama ya shigo. Ya ga kwandalar a manne, ya kama baki.

“Tun ranar ba ki cire ba? Na ce miki sau ɗaya ko biyu, ki ɗauka a waya, ki cire. Allurar irin wannan inji da ma ƙusa ce, kin kuma ɗora mata kaya. Noma faifan kike yi.”

Ya shafa yatsa a bakin allurar ya nuna min baƙar ƙura. Ya ce wannan ƙurar waƙar ce. Sai a lokacin na yarda da abin da kunnena ya daɗe yana faɗa min, cewa shuu ɗin ya ƙaru. Na ɗauka a waya a ranar. Muryar sama ta fito, ta ɗan dushe amma tana nan. Ta ƙasan ta kusa nutsewa cikin ƙarar. Na ce ba komai, wadda nake so ta tsira.

Da na tsaya a nan da na zauna lafiya. Amma nasarar ba ta ishe ni ba, don ban ga fuskarta ba. Na sayi goro fari manya, na tafi gaishe ta. Na zauna ina ɓare mata, ina rera amshin a hankali, da karyawar da komai, a ɗakin da aka ce za a fasa min baki in na yi waƙa.

Ta ci gaba da daka goronta. Na ƙara murya. Na ce, “Goggo, yanzu na gane abin da ya tsone miki ido. Mai irin wannan murya dole a ƙi ta.”

Ta daina daka goron. “Wace murya?”

“Ta uwata.”

“Su biyu ne a ciki. Wacce?”

“Ta sama mana.”

Ta tofar da tuƙar goro a gwangwaninta, ta goge baki, ta gyara zama. Sannan ta buɗe bakin nan da ba haƙori ta yi amshin. Muryar ta tsufa, tana rawa, numfashin bai kai ba. Amma da ta zo ƙarshen kalmar ta karya ta, daidai wurin, daidai yadda na yi wata biyu ina koya.

Goron da ke hannuna ya faɗi.

“Uwarki ita ce mai biyo baya,” ta ce. “Kullum a makare. Sau uku Baturen ɗaukar murya yana tsayar da mu saboda ita. Ni na kai ta wurin zabiyar, uwar taki ƙawata ce, ba ta iya komai ba sai dariya. Faifai ya fito, aka sa shi a shagon tela a bakin kasuwa, duk garin nan ba wanda bai gane muryata ba. Ita wa ya ji ta? Kakanki ya ɗaure ni a turken doki ya yi min dukan da har yau in hadari ya haɗu ina jinsa. Mutanen da suka kawo kuɗin aurena suka aiko a mayar musu. Ita kuwa ƙanena ya aure ta, aka kawo min ita cikin gida da guɗa.”

Na ce ƙarya take yi. Ta ce to.

Na ce, “Shekara arba'in kina zagina da jinin roƙo.”

“Na yi ƙarya ne? Daga ina kika samo karyawar?”

“Kin ga na ɗauki faifan, kin san zan ɗauki taki a matsayin tata. Me ya hana ki faɗa min?”

Ta ɗauki taɓaryar turminta ta ci gaba da daka. “Kin tambaye ni?”

Na so in ji tausayinta, na nema a raina a kan hanyar gida, a cikin Keke Napep, ban samu ba. An zalunce ta, na yarda. Amma ba ni na ɗaure ta a turke ba, ina 'yar shekara huɗu aka miƙa mata ni. Ta ajiye muryarta a gefen tabarma tana kallo kullum, ta laƙa wa matacciya laifin, ta sa ni share ƙarƙashinsa. Sannan ta bar ni na yi wata biyu ina kuka a kan muryarta ina kiranta uwa, ina nome tawa uwar da kwandala. Ban yafe ba. Ina zuwa gaishe ta ranar Juma'a saboda babana, in kai goro, in zauna minti goma, ba ta tayar da maganar ba, ni ma haka.

Na ɓamɓare kwandalar na mayar wa Baba Tica. Ya ce in ina so faifan ya ƙara kwana sai in sami inji na kirki mai sauƙin hannu, ko in daina sawa. Ban sami na kirkin ba tukuna. Abin da ke cikin waya kuwa kusan Goggo ce zalla, na kasa gogewa, na kasa saurara.

Yanzu sau ɗaya nake sawa a wata, da safe, in gida ya yi shiru. Ina sauke allurar bayan lanƙwasar, in kusantar da kunnena ga murfin gwangwanin nan. Dole in ji Goggo tukuna, tana sama, wasai, ta danne komai yadda ta saba. Sai dai na gano abu ɗaya. Da yake mahaifiyata a makare take shiga, a makare take fita. A ƙarshen kowane amshi, bayan Goggo ta karya kalmarta ta rufe baki, akwai ɗan guntun sauti da ke saura, bai kai ƙiftawar ido ba, mai dishi-dishi, ita kaɗai. Sau tara yake zuwa a waƙar. A watan jiya bakwai na iya ji.